Mai gadi ma ciki gare shi

Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai, in kana son ka sa ƙafa cikin ruwan gishiri, sai ka yi tafiyar wajen kilomita 1000 zuwa Kwatano. Don haka na san akwai wanda zai buɗe wannan ɗan littafi namu, ya tarar ina zancen wata dabbar teku da ke damun masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka, ya ce: "Wanga yaro ya rasa abin rubutawa." Ka yi haƙuri, ɗan uwa, ka bi ni har ƙarshe. Cikin ƴan akwatunan gilas na mutanen can akwai wata tambaya da ake gani ƙarara, kuma tana da hannu cikin tuwon da muke ci: in ka ɗauko mai ci don ya cinye maka abin da ke ɓata maka dukiya, mi zai ci ran da abin ya ƙare?

Labarin ya zo mini ta hannun yayana da ke karatu a Faransa. Ranar Asabar yana ɗan taɓa aiki a wani kantin sayar da kifin ado, shi ke wanke gilas da canjin ruwa. Yakan aiko mini hotuna da saƙon murya, ni kuma da yake ilimin halittu nake karantawa, sai in bi diddigin abin da ya faɗa cikin littattafai. Akwariyom suke ce ma akwatin. Na ruwan gishiri shi ne mai wuyar sha'ani: lita 200 ko 300 na ruwa, a dama mishi gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita kamar na teku, a riƙe zafinshi kusa da digiri 25, ga fitilu, ga pampo mai kaɗa ruwa dare da rana. Abin da suka fi ji da shi a ciki shi ne murjani. Mu murjanin da muka sani na wuyan kakanninmu mata ne, jajaye, a zare. Shi kuwa na cikin akwati yana da rai, taron ƴan mitsi-mitsin dabbobi ne manne da juna, yana girma a hankali, kuma ɗan guntunshi kamar kan yatsa kuɗi ne masu yawa. Mutum sai ya shekara yana renon reshe guda.

Maƙiyin wannan lambu na cikin ruwa sunanta Aiptasia. Anemon ce, wato dangin murjanin ne ita ma, sai dai ba ta da ƙashi. Ka ɗauka ɗan bututun nama ne ruwan ƙasa-ƙasa, ana hango haske ta cikinshi, ƙafarshi manne da dutse, samanshi baki ne kewaye da hannuwa sirara masu lilo. Ba ta cika wuce tsawon yatsa ba. Ba wanda ke sayenta. Tana shigowa a ɓoye cikin ramin dutsen da aka kawo daga teku ko a gindin wani sabon murjani, kamar yadda ƙaya ke shiga gida a bakin wando. Hannuwan nata cike suke da ƙwayoyin harbi masu dafi, duk murjanin da ya yi maƙwabtaka da ita sai ta yi ta harbinshi har ya ƙi buɗewa, ya ƙone daga gefe. Abinci kuwa ta hanya biyu take samunshi: tana cafke abin da ruwa ya kawo, kuma cikin namanta akwai ƙwayoyin gansakuka masu rai da ke haɗa mata abinci da hasken fitila. Fitilar da aka saya don murjani ita take ci.

Abin da ya fi ba masu kiwo haushi shi ne yadda take haihuwa. In tana matsawa bisa dutse takan bar ƴan guntayen ƙafarta a baya, kowane guntu ya tsiro ya zama sabuwa. In ka sa wuƙa ka kankare ta, ka shuka ta ke nan. In ka taɓa ta, ta shige rami kafin ka ƙyafta ido. Wasu suna bin ta da sirinji, su ɗura mata ruwan lemun tsami, ko ruwan zafi, ko kunun farar ƙasa a baki. Yana kashe wadda ido ya gani. Amma wadda ke bayan dutse fa, da wadda ke cikin bututun pampo? Kuma in farar ƙasar ta yi yawa ta jirkita ruwan gaba ɗaya, ana maganin ƙaba kai na kumbura. Yaya ya ce mini: "Ƙanena, ka kashe goma ranar Asabar, ka komo wata Asabar ka iske talatin suna yi maka sannu da zuwa."

Daga nan ne tunanin ɗauko mai ci ya fito. Maganin biri karen Maguzawa. A teku Aiptasia ba ta cika wuri haka ba, don akwai masu kiwonta da baki. To a kawo ɗaya daga cikinsu mana. Huɗu ne aka fi nema, kuma kowane da halinshi.

Na farko wani ɗan jatan lande ne mai jan zane, daga tekun Atlantika wajen Fulorida da tsibiran Karibiyan, tsawonshi kamar santimita 5. Ya fi sauran araha, da dare yake fita, yakan cinye ƙananan Aiptasia, manya kuwa sau da yawa ya kewaye su. Shekara da shekaru ana sayar da shi da suna guda, Lysmata wurdemanni, masu saye suna ta gardama: wannan ya ce nashi ya share mishi akwati, wancan ya ce nashi ko kallo bai yi ba. Sai a 2006 wasu masana biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa abin da ake kira da sunan nan iri-iri ne masu kama da juna, har suka raɗa ma sabbin iri huɗu suna. Ga kuma wani mai tozo kamar raƙumi da ake rikita su da shi, wanda shi murjanin ma yake ci. Ko ka dace da na ƙwarai, in yana samun ragowar abincin kifi ya ƙoshi, ba zai wahal da kanshi da nama mai harbi ba. Wa zai bar tuwo ya tafi cin ƙaya?

Na biyu kifi ne, Chelmon rostratus, kyakkyawa ƙwarai: fari mai ratsin jan ƙarfe, da baƙin ɗigo kamar ido kusa da wutsiya, da dogon baki kamar hantsaki wanda yake zurawa cikin ramin dutse. Daga tekun Pasifik da na Indiya ake kamo shi, yana kai santimita 20, don haka yana son babban akwati. In ya karɓi aikin, ba ya barin ko ɗaya. Amma shi ne mai ban tausayi cikinsu. Kifi ne mai zaɓen abinci, da yawa ba su yarda da busasshen abincin kanti, wasu ma Aiptasia ɗin ba su ci. Ya taho daga nisan duniya, a sa shi cikin gilas don ya yi shara, ya yi ta ramewa har ya mutu. Wanda ya rayu kuma, in ya gama da Aiptasia, sai ya juya kan tsutsotsin ado masu kamar gashin tsuntsu da kan kawa masu tsada da mai akwatin ke tattali.

Na uku wani kifi ne mummuna, mai kaushin fata, Acreichthys tomentosus, wajen santimita 10, yana sauya launi ya saje da dutse. Ya fi na biyu juriya, yana cin abin da aka ba shi, kuma yanzu ana hayayyafa shi a gidajen kiwo ba sai an kamo daga teku ba. Aibinshi guda: bakin da ya saba tsinken nama mai laushi bisa dutse ba ya tambayar ko na wa ne. Yau Aiptasia, gobe murjani mai taushi.

Na huɗu shi ya fi kama mini hankali. Wata ƴar dodon koɗi ce marar ɓawo, fara, kamar santimita 2, bayanta cike da ƴan tsinkayen nama. Sunanta Berghia stephanieae, a 2005 aka bayyana ta a matsayin iri na daban, daga ruwan Fulorida. Ita ba ta cin komi a duniya sai Aiptasia. Ba ta taɓa murjani, ba ta kallon abincin kifi. Da dare take fitowa, ta shiga ramin da sirinji ba ya kaiwa, ta cinye anemon har ƙafa, har ma ta adana ƙwayoyin harbinta cikin tsinkayen bayanta ta yi makami da su. Kowace ɗaya mace ce kuma namiji, in biyu suka haɗu sai su zuba ƙwai a murɗe kamar gammo. Aikinta ba ya sauri, sai an jira sun yi ɗiya, ɗiyan sun girma, wata biyu ko uku kafin a ga bambanci. Pampo na iya zuƙe ta, wasu kifaye na cinye ta, har jatan landen can na farko yakan ci ta, don haka wanda ya haɗa masu gadi biyu don aiki ya yi sauri, ɗaya ya cinye ɗaya. In kuwa komi ya tafi daidai, wata safiya mai akwati zai duba ya ga ba sauran Aiptasia. Daga ranar nan Berghia ta shiga yunwa, cikin ƴan kwanaki ta mutu. Nasararta ita ce ajalinta.

Kun ga yadda abin ya rabu biyu. Mai cin komi ba ya mutuwa da yunwa, amma ran da ɓarawo ya ƙare, dukiyarka ce abincinshi. Mai cin abu guda ba ya taɓa dukiyarka, amma ran da ɓarawo ya ƙare sai ya bi shi, kuma in ɓarawo ya dawo, ka tarar ba kowa bakin ƙofa. Aiptasia kuwa tana dawowa, don guntu guda cikin bututu ya isa. Mu da muka tashi kusa da rumbu mun san rabin wannan karatu. Mussar da aka kawo don kusa, in kusa sun yi ƙaranci, ƴan tsaki take bi. Ba mugunta ba ce, ciki ne. Ba ta taɓa sanin an ɗauke ta aiki ba.

Ƙasar Ostareliya ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo daga tsibirin Hawai, guda 102, zuwa gonakin rake na jihar Kwinsland don ya ci ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron yana sama bisa kara, kwaɗon yana ƙasa, bai yi wani aikin kirki ba. Ya ci duk abin da ya iya haɗiyewa, ga shi da dafi a fata, macizai da guza da suka ci shi suka yi ta mutuwa, ya yaɗu ya zama miliyoyi, har yau ana fama. Mai akwariyom in kifinshi ya juya kan murjani, yana iya sa koma ya fidda shi. Ƙasa ba ta da gilas a gefe.

Akwai abu guda da Yaya ya nuna mini wanda ya tsaya mini a rai. Can bayan kantin, inda masu saye ba su shiga, akwai wani akwati da ba kifi ba murjani, Aiptasia ce zalla, ana ba ta haske, ana ba ta abinci. Na ce: "Yaya, maƙiyin kuke kiwo?" Ya yi dariya ya ce: "To da mi za mu ciyar da Berghia kafin mai saye ya zo?" Haka duk masu hayayyafa ta suke yi. Masu kiwo da suka san abin da suke yi kuma, in akwatinsu ya kusa tsabta, sukan tsince ƴan dabbobin su miƙa ma wani mai fama da Aiptasia, tana yawo daga gida zuwa gida kamar aron turmi. Wanda ke son mai gadi ya rayu, dole ya tanadi abin da zai ci, ko da abin nan ɓarawon ne da kanshi.

A nan ne zancen ya iso gonakinmu, don irin wannan aikin ana yin shi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma abin da ke kan faifai ya fi murjani nauyi. Duk ɗan manomi ya san murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi. Wani malam-buɗe-littafi na dare ne ke zuba ƙwai bisa zangarniya lokacin da take fitowa, tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yankan fure da ƙwaya tana kewaya zangarniyar, ta bar sawu a murɗe kamar an naɗa igiya. Masana suna ce mata Heliocheilus albipunctella, kuma tun bayan farin shekarun 1970 ta zama babbar annoba a Sahel. Feshi bai cika kama ta ba, don tana ɓoye cikin zangarniya, kuma wane talaka ke da kuɗin feshe eka da eka na hatsi?

Mai cinta yana nan ƙasarmu tun asali, ba daga wata nahiya aka ɗauko shi ba. Wata ƴar mitsitsiyar rina ce, Habrobracon hebetor, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ba ruwanta da mutum. Macen takan harbi tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, ɗiyan su ƙyanƙyashe su cinye ta, cikin kwana goma ko kusa da haka sabbin rina su tashi neman wata tsutsar. Matsalar ita ce a daji ba ta yin yawa da wuri, sai ɓarna ta riga ta auku. Don haka masu bincike na cibiyar INRAN da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso suka shiga kiwonta suna sakinta a kan kari. Dabarar mai sauƙi ce: ɗan buhun algarara, a zuba hatsi da gari, a sa tsutsa 25 ta wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra, a sa rina mata 2 da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure. Buhu 15 ake rabawa kewayen gari. Rinar ta hayayyafa a ciki, ɗiyanta su fita ta ramukan saƙar buhun su bazu cikin gonaki har kilomitoci.

Shekarar da aka kawo su garinmu, malamin gona ya rataye ɗaya a inuwa kusa da gonar Baba. Baba ya daɗe yana kallonshi, ya ce: "Malam, wanga ɗan ƙunshi ne zai tsare hatsin gari?" Bayan ƴan makonni malamin ya komo, ya murza wata zangarniya a tafin hannu, ya nuna mishi tsutsotsi baƙaƙe, busassu, da ƴan fararen kwanson rina a gefensu. Baba bai ce komi ba, ya dai karɓi zangarniyar ya juya ta, ya sake juyawa.

Ku lura da abin da ke cikin buhun nan. Corcyra ɓarauniyar hatsi ce ita ma, cikin rumbu da buhunan ajiya take ɓarna. Amma a labo ana kiwonta da gangan, ana ba ta hatsi mai kyau, don rina ta samu abin ci. Akwatin bayan kanti ke nan, da wata riga. Dalilin ma guda ne. In kaka ta yi, murzuna takan sauka ƙasa ta shige cikin rairayi, ta kwanta can har damana ta gaba. Ita ta san yadda za ta ƙetare rani. Rina kuwa ta rasa abin da za ta zuba ƙwai a kai, ga zafi, ga bushewa, yawanta ya faɗi ƙasa. Shi ya sa ake sake sakinta damana bayan damana. Tsakanin Nuwamba da Yuli dole wani ya riƙe ta da rai: ya saye hatsin ciyar da tsutsa, ya tsare ɗaki daga tururuwa da zafi, ya ƙirga kwanaki don buhuna su isa gari daidai lokacin da zangarniya ke fitowa. Aiki ne na wata da watanni wanda ba a ganinshi a hoto.

Kuma rina ba ta san iyakar gona ba. Mai akwariyom shi ya saya, shi ya amfana. A gari kuwa, in mutum goma suka haɗa kuɗin buhuna, rinar za ta shiga gonar na sha ɗaya da bai ba da ko dala ba. In wani ya tashi ya yi feshi a tsakiyar aikin, ya kashe mai gadin kowa. Don haka maganin nan ba ya tsayawa sai gari ya zauna ya yi magana guda: nawa kowane gida zai kawo, wa zai je ɗauko buhuna, yaushe za a ajiye pampon feshi. Muddin wani purojé ne ke kawowa kyauta, ba a jin nauyin tambayar. Ran da kuɗin purojé suka ƙare ake sanin ko gari ya ɗauki rina tashi ce.

Wani abu kuma da masu gilas suka koya da wuya: mai ci ba ya gyara sakacin mai gida. Wanda ke tsare sabon dutse a wani akwati na daban ya duba shi makonni kafin ya haɗa da sauran, wanda ba ya zuba abinci fiye da kima, shi ne ba ya yawan neman Berghia. Su kansu ba su cika cewa sun ƙarar da Aiptasia ba, cewa suke sun danne ta. Mu ma rina ba za ta shafe murzuna daga doron ƙasa ba, in ma ta yi haka ta yanke ma kanta abinci. Abin da ake nema shi ne tsutsa ta ci kaɗan, rina ta ci tsutsa, mu mu cika rumbu. Ita Aiptasia ɗin ma da ake tsine mawa a kantuna, a ɗakunan bincike da daraja take: da ita ake nazarin zaman murjani da gansakukar cikinshi, don a gane abin da ke sa murjanin teku yin fari ya mutu in ruwa ya yi zafi, har an karance tsarin gadonta kaf a 2015.

Ƴan uwana ɗalibai, musamman mu na sashen halittu da na noma, mun iya haddace sunayen Latin don jarrabawa, mu zuba su a takarda mu fita. Ni dai abin da nake so mu riƙa tambaya, duk ran da aka zo mana da wani mai ci da za a saka a gona, ko a tabki, ko a kogi, abu ukku ne: mi yake ci ban da abin da muke so ya ci, mi zai ci in wannan ya ƙare, kuma wa ya ɗauki nauyinshi a lokacin. Kiwon rina ba ya son injin miliyoyi. Yana son ɗaki mai sanyi-sanyi, da bokitai, da hatsi, da mutum mai haƙurin ƙirga tsutsa cikin watan Afrilu, lokacin da kowa ya manta da murzuna. Da yawanmu za mu gama karatu mu zauna jiran aikin gwamnati. Kafin ya zo, garuruwanmu na bukatar wanda zai riƙe musu rina har ruwa ya sauka.